Mu da Muke Ƙarƙashin Fiffike

Kakata Gwamma ta ce da can nan fadama ce,
kanya uku, rijiya ɗaya, sai gonar Nomau.
Ranar da masu awo suka zo da sarƙa da jan ƙyalle
an ɗauka hanyar mota za a fitar,
har fura aka dama musu.

Suka kafa turaku a tsakiyar gero,
geron kuwa ya soma fidda kai.
Aka ƙirga wa Nomau sulalla a tafin hannu,
ya ƙulle a lalita, bai kashe ko ɗaya ba.
Ya ce kuɗin gona ba ya shiga kasuwa,
ya mutu suna ƙarƙashin matashinsa.

Da na farko ya sauka
awaki suka tsinke igiya,
kaji suka yi kwana bakwai ba ƙwai,
Tabawa mai daddawa ta kifa ƙwarya a ka
ta nufi Dala a guje, wai tashin duniya ya zo.
Har yau jikokinta ba sa son a tayar da zancen.

Sabo turken wawa, mun sabu.
Liman yakan ɗan dakata tsakanin aya da aya,
ƙarar ta wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya.
Mai ciniki ya riƙe tayinsa a baki,
mai faɗa ma, kafin jirgi ya gifta
rabin fushin ya huce.
Bangonmu duk tsaga ne,
muna yaɓe, yana tsagewa, muna yaɓe.
Ba mu sayi agogo da wuri ba:
in na la'asar ya tashi, a ɗora tukunya.

Kawu Barmo shekara talatin da ɗaya
yana korar tsuntsaye daga titin jirgi,
da gwangwani, da sanda, da muryarsa.
Balbela ta san shi, shirwa ta san shi.
Ya san kowane jirgi da kukansa tun bai ɓullo ba,
ya san wanda ya yi lodi, ya san mai gajiya.
Bai taɓa taka matakalarsa ba.
In an tsokane shi sai ya ce,
mai share hanya ai ba ya bin baƙo gida.

Lokacin alhazai kuwa garinmu ya zama gari.
Tabarmi har bakin rijiya,
'yan rakiya daga Gaya, daga Rano, daga Kazaure,
a sayar da ruwa, a sayar da dafa-duka,
a ba da zaure aro ga wanda ba a sani ba.
Su ɗaga hannu ga tagar da ba sa ganin kowa a ciki,
mu ma mu taya su ɗagawa.
In an dawo, dabino uku, zamzam a murfin buta,
rabonmu ke nan, kuma muna godiya.

Yanzu Kano ta iso mu da bulo da kwano,
kanya ta zama shago, fadama ta zama fuloti,
ɗan adaidaita yana kiran sunan ƙauyenmu
kamar sunan kwana ne kawai.

Amma kabarin Nomau na can bayan waya,
inda ciyawa ta fi tsayi, kusa da jar fitila.
Ranar Juma'a nakan tsaya daga nan in yi masa addu'a,
ɗana a kafaɗata yana nuna sama.
Na ce, ka ga inda yatsanka ya baro?
Dubi ƙasa tukuna.
Duk wanda ya tashi zuwa Jidda ko Alƙahira,
daga gonarmu ya ɗaga ƙafa.